Kayan Dubiyar Takwara

Mu dai ba ma neman izini kafin mu je dubiya. Da an ce wane ba lafiya, sai ka sayi lemo da ayaba, ka kwashi yara, ka kama hanya. In ka tarar falo ya cika, ka zauna a ƙasa. Haka na taso na gani a Kano, haka kuma muka ɗauko abinmu muka kawo Ingila ba mu rage komai ba. Wanda ya kwanta ba a cika masa gida ba, to ya binciki zamansa da mutane.

Shekarar da 'yar ƙanwata ta kwanta, muna zaune a Hulme, cikin Manchester, ni da maigidana da yaranmu uku. Shi yana fama da digirinsa na uku, ni ina fama da su duka huɗun. Ƙanwata kuwa ta koma Birmingham, unguwar Erdington, inda mijinta ya sami aikin akanta. Sunana aka sa wa yarinyar, shi ya sa nake ce mata Takwara, har kowa ya ɗauka. Shekararta shida. Surutu gare ta kamar rediyo, in ta kama ka da labari sai ka nemi ceto. Rana ɗaya aka ce kansar jini ce.

Maganin da aka ɗora ta a kai ya zubar mata da gashi, ya kuma karya mata garkuwar jiki. Likitocin suka zaunar da iyayen suka gaya musu magana ba ɓoye-ɓoye. Ƙyanda tana yawo a gari, allurar da aka yi wa Takwara tana ƙarama ba za ta tsare ta ba yanzu, ba kuma za a iya sake mata ba sai ta gama magani. In ƙyanda ta kama ta a wannan hali, tana iya tafiya da ita. Saboda haka duk yaron da ba a yi wa rigakafi ba, kada ya kusance ta.

Ƙanwata ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Yaya, ni wa zan tsayar a bakin ƙofa in tambaye shi ko an yi wa ɗansa allura? Da wane bakin?"

Na ce, "Da bakin da kike cin tuwo."

Faɗa ne mai sauƙi ga wanda yake Manchester.

Akwai wata dattijuwa da duk muke kira Hajiya, tana zaune a Cheetham Hill wajen ɗanta injiniya. Ita ce uwarmu a ƙasar nan. Lokacin da ƙanwata ta haifi Takwara suna Manchester, Hajiya ce ta yi mata wankan jego, ita ta dama mata kunun kanwa, ita ta fara yi wa jaririyar wanka. Da ta ji labari, ba ta kira kowa a Birmingham ba. Me za ta kira ta ce? Ta tara mata da yara mota biyu, da kulolin abinci da kwalin lemo, wata Asabar suka dira a Erdington. Ni ina can, na je kwana biyu.

Ƙanwata ta buɗe ƙofa ta ga yara sun cika 'yar farfajiyar. Ta san a cikinsu akwai waɗanda ba a yi wa allurar ba, jikokin Hajiya ma suna ciki. Ta durƙusa a bakin ƙofar ta gaida Hajiya, amma ba ta matsa ba. Ta ce manya su shigo su wanke hannu, yara su tsaya a waje. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar ta Hajiya ba. Ta ce, "Jikokin nawa ne masu cutar?" Ta ajiye kular hannunta a kan dakali, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta juya. Ba wadda ta shiga.

Takwara tana kan kujera a jikin tagar falo, da hularta ta ulu. Yaran suka zo suka manna fuska a gilashi, ita ma ta manna tafin hannunta, suna yi mata gwalo tana dariya. Sai iyaye suka daka musu tsawa, suka ruga mota. Daga ranar, duk motar da ta tsaya a layin, Takwara sai ta hau kujerar nan ta manna hannu. Yawanci mai kawo saƙo ne. Yarana ma, da suke da allurarsu cif, ƙanwata ta ce a dakata da kawo su, don kullum suna cakuɗe da sauran a Islamiyya, tsoro ya gama cika ta.

A Manchester kuwa magana ta tashi. Wai ƙanwata ta zama Baturiya. Ta ga mijinta ya sayi gida. Ta kori matar da ta wanke mata jini. Waya ta daina shigo wa ƙanwata, ko "ya mai jiki" babu. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙurin jin irin wannan ba. A wani taron suna na miƙe na wanke su tas, na ce masu digiri biyu-biyu amma saƙon waya ya fi likita a wajenku. Na ji daɗin bakina ƙwarai a ranar. Yaro ko ɗaya ba a kai allura ba saboda shi.

Ba kuma don ba su son 'ya'yansu ba ne. Wasu an turo musu saƙo cewa akwai sinadarin alade a cikin allurar. Wasu ɗalibai ne sababbin zuwa, sun je yin rajistar GP, wato likitan unguwa, an ce su kawo shaidar adireshi, suna zaune a ɗakin wani, suka haƙura. Da akwai cibiyar yara a kusa da mu inda ake awon jarirai, a nan ake kama irin waɗannan a gyara musu, to hukumar gari ta rufe ta. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, yau a rufe laburare, gobe a rage bas, kullum da abin da za a ce babu kuɗinsa.

A cibiyar nan na san Sista. Nas ce, 'yar Kolombiya, gajeriya mai faɗin kafaɗa, gashinta ya fara furfura, Turancinta da nawa duk a karkace suke, shi ya sa muka saba. Da aka rufe cibiyar, sai aka bar mata 'yan kwanaki a mako ta riƙa bin mutanen da ba sa zuwa asibiti. Ofishinta ya koma wata jaka mai taya irin ta cefane, da akwatin sanyi a ciki. Mutanenta masu jin Sifaniyanci yawancinsu shara suke a ofisoshi ko ɗaukar kaya a manyan shagunan sari na Cheetham Hill. Lokacin da asibiti yake buɗe suna aiki ko suna ramuwar barci. Sai ta bi su inda suke. Ranar Lahadi tana ɗakin taron cocinsu bayan an tashi, ana cin abinci tana duba katin yara. Wanda aka kora daga rajistar GP, ta riƙe masa hannu su koma tare, ta tsaya a gaban mai karɓar baƙi tana murmushi har sai an rubuta shi. Na sha ganinta a tashar taragon cikin gari ruwa yana dukanta, tana kare jakar da lemarta, ita tana jiƙewa.

Na same ta na zayyana mata komai. Na ce ta zo Islamiyya ranar Asabar ta yi wa matan nan lacca, ta zo da hotunan yaran da ƙyanda ta makantar, ta tsorata su.

Ta ce, "Ke da kika tsorata su, yaya aka ƙare?"

Haushi ya kama ni.

Sai ta hau yi mini tambayoyi kamar 'yar jarida. Wa ake jin maganarsa a cikinku? In an je duba mara lafiya, me ake yi? Ana daɗewa? Me ake kaiwa? In mutum ba shi da abin kaiwa fa? Na ce ai ko lemo uku ne sai ka nemo, ba a zuwa hannu rabbana, abin kunya ne. Ta sa na maimaita mata wannan. Ta ce tana budurwa ta yi aiki a Amurka cikin wasu mutanen Asiya da ake kira Hmong, a can ta ɓata wata da watanni tana yi wa matasan iyaye bayani suna gyaɗa kai, ba wanda ya zo, sai da ta gane dattawan dangi ne suke yanke magana. Ta ce, "Kai ni wajen Hajiyar nan. Amma ki yi mini alkawari ba za ki buɗe baki ba sai fassara."

Wannan alkawari ya ba ni wuya, ba kaɗan ba.

Muka je. Hajiya ta amsa gaisuwata a daƙile, amma baƙuwa baƙuwa ce, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Sista ta wanke hannu ta sa. Yaji ya kama ta, hawaye na zuba, hanci na zuba, ta ƙi ajiyewa. Hajiya ta ce, "Ke, gaya mata ba dole." Sista ta ce a ƙara mata miya. Hira suka yi ta jego. Ashe su ma a ƙasarsu mai jego kwana arba'in take yi ba ta fita, ana dafa mata kaza, ana hana ta taɓa ruwan sanyi. Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah! Ashe dai akwai masu hankali a cikinsu." Har muka tashi, kalmar allura ba ta fito ba. A hanya na ce, "Sista, tuwo muka zo ci?" Ta ce, "E."

Ta koma, ta sake komawa, wani lokacin ma ba da ni ba, sai surukar Hajiya ta yi musu tafinta. Ta duba wa Hajiya hawan jini. Ta gyara mata yadda take shan magungunanta. Duk wannan ba a cikin aikinta yake ba, a lokacinta take yi. Ni kuwa ina ta ƙuna, don kullum na kira Erdington sai ƙanwata ta ce Takwara ta daina surutu, abinci ma sai da lallashi, tana dai kan kujerar taga.

Ranar da maganar ta fito, Hajiya ce ta fito da ita da kanta. Ta ce, "Na san abin da yake kawo ki. Bari in gaya miki." Ta ce ita ba jahila ba ce. Ta ga shekarar da aka zo Kano da sunan taimako aka ba yara magani, iyaye ba su san gwaji ake yi ba, ɗan maƙwabciyarta har yau ba ya ji ba ya magana. Tun daga nan ta rantse ba mai soka wa jininta abin da ba ta sani ba. Ga kuma zancen alade.

Na buɗe baki, Sista ta taka mini ƙafa.

Ba ta ce Hajiya ta yi kuskure ba. Ta ce a ƙasarsu ma an yi wa talakawa abubuwa da sunan magani, wanda ya ji tsoro yana da dalili. Zancen alade kuma ta ce gaskiya ne, iri biyu ce allurar, ɗaya akwai, ɗaya babu. Ta ce za ta kawo marar shi, a kwalinta a rufe, ɗan Hajiya ya karanta da idonsa, ya kai wa malamin da suka yarda da shi. Wannan allurar kuma ita ake yi wa 'ya'yan Turawan, ita aka yi wa nata 'ya'yan. Hajiya ta ce, "To, mun ji." Irin jin da ba ya kai mutum ko'ina.

Sai Sista ta tambaye ta, "Ranar da kuka je Birmingham, me kika kai wa yarinyar?"

Hajiya ta ce dambun nama, da farfesun kaza, da lemo.

Sista ta ce, "Ba ta ci ba. Maganin ya sa bakinta duk gyambo ne, lemo ma ƙona ta yake. An gaya mini ku ba kwa zuwa dubiya hannu rabbana. To yarinyar nan abu ɗaya ne ya rage da za a iya kai mata, ba a kuma sayar da shi a shago. Yaran da za su zauna kusa da ita ba su ɗauko mata ƙyanda ba. Uwarta ba za ta iya ba ta wannan ba, likita ma ba zai iya ba. Sai ke."

Na fassara mata. Hajiya ta dubi carbinta. Can ta ce, "Ba ta ci dambun ba?" Na ce ba ta ci ba, Hajiya. Ta ce, "Ni na fara yi wa yarinyar nan wanka." Ta tashi ta shiga ɗaki, mu ma muka tashi.

Bayan kwana biyu surukarta ta kira ni ta ce Hajiya ta sa a gaya wa kowa, Asabar mai zuwa bayan Islamiyya kowace ta zo da 'ya'yanta da katinsu, za a haɗa kayan dubiyar Takwara. Haka ta faɗa, haka kuma aka yi ta yaɗawa. Matan da na yi wa wankin babban bargo ba su motsa ba, ga shi magana ɗaya daga Cheetham Hill ta tashe su. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Sista ta zo da abokiyar aikinta da jakarta mai taya. Da yake samun allura ranar Asabar abu ne mai wuya, ta gaya wa nata mutanen ma, sai ga su da yaransu, wasu da rigar aiki a jikinsu. Ɗakin ya cika da Hausa da Sifaniyanci da kukan yara, wanda shi iri ɗaya ne. Ɗan Hajiya ya karanta kwalin a tsaye kamar mai karanta wasiyya. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera kusa da Sista, ta fara da nata jikokin. Ta matse yaro tsakanin gwiwoyinta, ta rufe masa ido da tafinta, ta yi bismilla, ta ce, "Soka." Da nata suka ƙare ba ta tashi ba. Duk yaron da ya yi gardama aka miƙo mata, har 'ya'yan mutanen Sista, tana ce musu "yi shiru, ɗan albarka," su kuma iyayen suna ta yi mata godiya da yarensu. Waɗanda ba su da GP, Sista ta bi su ɗaya bayan ɗaya a makonnin da suka biyo har aka yi musu rajista.

Akwai allura ta biyu bayan wata guda, sannan a ɗan jira ta kama jiki. Kafin lokacin ya cika aka gaya wa Sista an soke aikinta, babu kuɗinsa a shekara mai zuwa. Na yi ta zage-zage, ita tana naɗe igiyar awon jini. Ta ce in bar ɓata bakina, allura ta biyun dai sai ta yi ta kafin ta miƙa jakar. Ta kuwa yi, ba yaron da ya tsere mata. Na roƙe ta ta bi mu Birmingham ta ga yarinyar da ta sha wannan wahala dominta. Ta ce ranar tana da wasu iyalai a coci da ba ta gama da su ba, kwanakinta kuma sun ƙare. Ba ta taɓa ganin Takwara ba. Daga baya na ji ta koma aiki a gidan kula da tsofaffi, muka yi waya sau biyu, lambar ta daina shiga. Har yau in na ga mace tana jan jakar cefane a tasha sai na leƙa fuskarta. Na ga likitoci manya a ƙasar nan, dangina ma akwai su, amma ban ga wanda ya iya aikinsa kamar matar nan ba. Allah ya saka mata, duk inda take.

Likitocin Takwara suka ce to, yara kaɗan-kaɗan, ban da mai mura ko tari, kowa ya wanke hannu. Hajiya da kanta ta tace su, ta mayar da wani jikanta gida saboda ya yi atishawa sau ɗaya, yana ihu tana cewa ko a jikinta. A karon farko a rayuwarta ta sa aka kira waya kafin a je dubiya. Ƙanwata ba ta gaya wa Takwara ba, tana tsoron kada a fasa.

Muka isa Erdington da hantsi. Ƙanwata ta buɗe ƙofa. Hajiya tana tsaye, ba kula, ba leda, ba komai a hannunta. Ta jawo babbar jikarta gaba, ta naɗe mata hannun riga har kafaɗa, ta nuna wajen, ko tabo babu. Ta ce, "Ga kayan dubiyarmu. A ba mu hanya ko mu koma?"

Ƙanwata ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafafunta tana kuka. Hajiya ta ce, "Ke tashi, kin tare ƙofa. Ai kin iya tare ƙofa." Ita ma tana share ido da bakin mayafi.

Ni na fara shiga falo. Takwara ta ji tsayuwar motoci, ta riga ta hau kujerarta, ta ba mu baya, tafin hannunta a manne da gilashi. Tana kallon farfajiya, farfajiya ba kowa, don duk suna kicin suna wanke hannu. Ta jira. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ba ta juyo ba ta ce, "Anti, sun tafi. Yau ko taga ba su zo ba."

'Yata ta tsakiya, sa'arta, ta wuce ta gefena da jiƙaƙƙen hannu, ta hau kujerar, ta dafa mata kafaɗa.

Takwara ta juyo. Ta kalli hannun, ta kalli yaran da suka cika bakin ƙofa, ta kalli uwarta. Ta ce, "Umma, an yarda in taɓa ta?"

Uwar ta ce, "Taɓa ta."